Azumin Yaya Aƙilu

Duk wanda ya saba bin lungunmu a Kusfa ya san Yaya Aƙilu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zama a bakin zauren Malam Garba, ya jingina da bango, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, kansa a sunkuye yana bin zane da allura. In ka yi masa sallama zai amsa maka har ƙarshenta, amma ba lallai ya ɗago ba. Mutanen unguwa suna ce masa Malam Aƙilu mai azumi. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Batulu, kuma na daɗe ba na son jin wannan suna.

Shi ne ɗan fari a gidanmu. A wasu gidajen yanzu wannan ba wani abu ba ne, za ka ga uba ya saɓa ɗan farinsa a kafaɗa ana ɗaukar su hoto da waya. Gidanmu ba haka yake ba. Baba, wato Malam Garba, da Inna irin mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ɗayansu ya kama sunansa ba. Baba ya ce "wancan", Inna ta ce "yayanku". Ana yaye shi aka miƙa wa ƙanin Baba, Baffa Bala, da ke sashen gabas na gidan, can ya tashi. Baffa ne ya sa shi makarantar allo, ya kai shi firamare, ya koya masa ɗinkin hannu. In Yaya yana son takalmi, Baffa zai gaya wa. In Baba yana son a ja masa kunne, Baffa zai gaya wa. Daga ɗakin Baba zuwa inda Yaya yake kwana bai kai taku ashirin ba, amma duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta zagaya ta sashen Baffa. Kada wani ya ɗauka ba a son sa ne. Inna takan ware masa tsokar da ta fi kyau a miya, ta ba ni in kai masa, ta ce in ce ni na rage.

Hannunsa ya faɗa da wuri. Kafin ya cika ashirin dillalan riguna sun san aikinsa, in suka juya bayan riga suka ga zaren ya kwanta ba ƙulli sai su ce na Aƙilu ne. Riga mai zanen aska takwas da wasu kan yi wata biyu a kanta, shi yakan tashe ta a kwana arba'in. Ba mai yawan magana ba ne, amma a lokacin yana da dariya, yana kuma da tsokana. Ni da yake na cika surutu, rediyon gida yake ce min, in na fara zuba sai ya miƙo hannu ya murɗa kunnena wai yana rage murya.

Yana shekara ashirin da biyar ya gaya wa Baffa yana son ya yi aure. Ba wai ya tsayar da wata ba ne, shi dai ya ji lokaci ya yi. A daminar shekarar ne katangar sashen yamma ta rushe, wato sashen da ake sa ran za a zaunar da shi, gidan kuma ba wani sarari ake da shi ba. Baffa ya kai maganar, ya dawo da amsa, ina nan zaune ina tsince wake na ji ya isar da ita yadda aka ba shi. Baba ya ce ya yi haƙuri tukuna, ya riƙa azumi, haka Manzon Allah ya hori samarin da ba su samu halin aure ba. Yaya ya ce to. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya ya tashi da azumi, Alhamis ma haka.

Bayan wata bakwai Baffa Bala ya kwanta ciwon kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa. Mun yi kuka, mun yi zaman makoki, aka raba abin da ya bari. Babu wanda ya lura cewa an bar magana a buɗe, kuma mutumin da ke ɗauke da ita tsakanin ɗaki biyu ya tafi.

Shekara ta zagayo, aka gyara katanga, aka yi wa sashen yamma rufin kwano. Yaya ya sa hannu a aikin, shi ya ɗauko yashi. Ya jira a ce masa wani abu, ba a ce ba. Ya ci gaba da azumi. Ni ce mai dama masa kunun shan ruwa a lokacin, duk Litinin da Alhamis, har na san yawan tsamiyar da yake so. Da na yi aure na koma Tukur-Tukur sai Inna ta karɓi aikin. Takan dama, ta rufe da faifai, ta ajiye a kan dakalin ƙofar zaure ta ciki, ta yi gyaran murya, ta koma.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne auren Mubarak, ƙaninmu. Shi ba ɗan fari ba ne, ba wanda ke jin kunyarsa, shi ma ba ya jin ta kowa. Wata rana da safe ya zauna kusa da Inna yana cin ɗumame, ya ce mata ya ga yarinya a Tudun Wada. Inna ta gaya wa Baba, cikin wata uku aka ɗaura aure. Da aka zo maganar inda amarya za ta tare, sai ga sashen yamma a share ba kowa. Yaya ne ya ɗinka wa ango rigar ɗaurin aure, kyauta, kuma ban taɓa ganin aikin da ya ƙawata irin wannan ba. Na tari Inna a madafi na tambaye ta yaya za a yi a tsallake babba a yi wa ƙarami. Ta ce yayanku bai ce komai ba. Na je wajen Baba, na durƙusa, na zagaya na zagaya har na iso wurin. Ya ce wancan ya zaɓi ibada, kada a dame shi, ba kowa Allah ke ba irin wannan baiwar ba. Da fara'arsa ya faɗa, alfahari yake yi da shi.

Na fito na samu Yaya a zaure, na ce masa don Allah ya buɗe baki ya yi magana. Ya ja zare, ya amsa.

"Batulu, ai kullum ina magana. Duk Litinin da Alhamis ina gaya masa. Ya san dalilin da ya sa ya ɗora min azumin nan. Tunda yana gani ban ajiye ba, ya san buƙatar tana nan."

Na ce to ya ajiye mana ya ga abin da zai faru. Ya ce umarni aka ba shi, ba a ce masa ga ranar dainawa ba, kuma in ya daina kamar ya ce ya haƙura da auren ne. Bayan bikin Mubarak sai ya ƙara da kwana uku na tsakiyar wata, sha uku da sha huɗu da sha biyar, wai ko Baba zai fi ji. Baba kuwa ya ji. Ya gaya wa abokansa a masallaci, labari ya bazu, har wani malami ya kawo shi misali a wa'azin bayan Magariba, yana cewa samarin zamani su yi koyi da ɗan gidan Malam Garba. Daga nan sunan mai azumi ya bi shi. Mata suka fara aiko masa da dabino suna neman ya sa 'ya'yansu a addu'ar buɗa-baki.

Shekara tara aka yi a haka. Na ga yayana yana ƙarewa a zaune. Wuyansa ya yi tsawo, likita ya ce yana da gyambon ciki, ya rubuta masa magani ya ce ya riƙa cin abinci a kan lokaci. Yaya ya sayi maganin yana sha da asuba da bayan faɗuwar rana. Rigar kwana arba'in ta koma ta wata biyu, don ranar azumi in rana ta take idonsa ba ya ganin zane sosai. Tsokanar ta tafi. Ba ya fushi, ba ya ƙorafi, gajiya ce kawai ta zauna masa a fuska. Wata rana ya gaya min abin da ya fi damunsa ba yunwa ba ce. Ya ce in ya zo ɗaura niyya ba ya iya tantancewa, don Allah yake yi ko don Baba ya gani, yana tsoron kada a wayi gari ba aure ba lada.

A cikin waɗannan shekarun ne Fa'iza ta shigo. Ƙawata ce tun sakandare, 'yar Ƙofar Gayan, tana koyarwa a wata firamare. A gidana suka fara haɗuwa ranar sunan ɗana na fari, kuma ba zan ɓoye ba, ni na shirya. Ta iya zama da mai shiru, abin da ni ban iya ba. Yakan je zance Juma'a da Lahadi bayan La'asar, ranakun da ba ya azumi, ta kawo masa zoɓo da cincin, su zauna a soron gidansu. In ya dawo nakan ga sauran murmushi a bakinsa. Shekara huɗu yana wannan sintiri. Mahaifinta ya yi haƙurin da ba kowa zai yi ba, don yana ganin girman gidanmu, yana kuma jin abin da ake faɗa a kan Yaya. Duk lokacin da aka ce ya turo magabatansa, Yaya sai ya ce ana nan ana shiri. Ba ƙarya yake nufi ba, a ransa shirin ke nan, jiran Baba.

Bara, ana gama azumin Ramadan, mahaifin Fa'iza ya kira shi ya zaunar da shi. Ya ce yarinya ta kai ashirin da takwas, ƙannenta biyu suna bayanta, kuma akwai wani mai kantin magani da ya turo sau biyu ana ba shi haƙuri. Ya ba shi zuwa ƙarshen watan Sallah. In watan ya fita bai ga manyan Kusfa a zaurensa ba, kada a ga laifinsa. Fa'iza ce ta gaya min a waya. Yaya bai gaya wa kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki Sitta Shawwal ya jera su a cikin zafin bazarar nan da ko tsuntsu ba ya son tashi, ya gama ya koma Litinin da Alhamis ɗinsa. Kwana ashirin da ɗaya suka tafi a haka.

Ranar Juma'a, saura kwana tara watan ya fita, na goya ɗana na hau acaɓa na zo gida. Na bari aka sauko daga masallaci, Baba ya zauna a tabarmarsa a inuwar dalbejiyar tsakar gida yana shan fura, Inna na gefe tana gyaran zogale. Na je zaure na ce wa Yaya Inna na kira, ƙofar ɗakinta ta ƙi rufuwa. Allah Ya yafe min wannan ƙaryar. Yana shigowa ya ga Baba, ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, ya yunƙura zai juya. Inna ma ta tattara zogalenta za ta shige ɗaki, na riƙe bakin zanenta. Na ce yau ba inda kowa zai je, magana na zo da ita, in an gama a yi min duk hukuncin da aka ga dama.

Na zayyana komai. Na faɗi sunan Fa'iza da na mahaifinta, da shekara huɗu, da kwana tara. Baba ya ajiye ludayi. Ya dube ni, ni, ba Yaya ba, ya ce in tambaye shi ko gaskiya ne. Mutum yana durƙushe taku uku daga inda yake. Na juya na ce Yaya, Baba na tambaya ko gaskiya ne. Yaya ya ce wa ƙasa gaskiya ne.

Haka aka yi zancen, ta kaina, ina karɓa daga nan ina miƙa wa can. Baba ya ce ai shi abin da ya faɗa ba nasa ba ne, maganar Manzo ce, wanda bai samu hali ba ya yi azumi. Na ce Baba, a Islamiyya an koya mana farkon maganar, cewa wanda ya samu hali ya yi aure, kuma Yaya ya samu hali tun kafin Mubarak ya san hanyar kasuwa. Baba ya ce to me ya hana shi ajiye azumin? Shi fa abin da yake jira ke nan. Ya ce duk ranar Litinin yakan leƙa dakali, in ya ga ƙwaryar kunu sai ya ce yaron bai shirya ba tukuna, da shekaru suka yi nisa sai ya ɗauka ya samu abin da ya fi aure daɗi a wurinsa. Ya ce da wane baki zai kira ɗansa na fari ya tambaye shi ko yana son mace?

A nan ne Yaya ya ɗago, ya yi magana ba tare da ya bi ta kaina ba.

"Baba, ni kuma jira nake ka ce ya isa. Kai ka ce in yi. Ban ga yadda zan sauke abin da ka ɗora min ba."

Kaji na ta tsattsagar zogalen da ya zube, ba wanda ya kore su. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na motsi. Sai ta ce ita ta sani, tun da ta karɓi damun kunun ta sani, uwa ba ta dama kunu sau ɗari ba ta gane ba. Ta ce sau da yawa takan kai bakin ƙofar Malam da maganar, sai ta ji kunya ta kama ta, a ce ta zo roƙa wa ɗan fari mata. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka a lokaci guda. Na dubi mutum uku da suka fi kowa son juna a gidan nan, na ji wata irin gajiya ta sauko min.

Baba ya yi salati a hankali, ya ce za a je. Na ɗauka an gama, har na fara hamdala. Sai ya ƙara da cewa sai dai ba shi zai je ba, uba ba ya zuwa neman wa ɗansa aure, balle na fari. Aikin ƙanin uba ne, da Bala na raye da yau ɗin nan an je. Wanda ya rage a dangi da zai iya tsayawa a wannan matsayi wani ɗan baffansa ne, manomi a wani ƙauye wajen Giwa. Na ce Baba, kwana tara fa. Ya ce kwana tara ai da yawa.

Aka kira mutumin a waya, da ƙyar aka same shi, sai ya hau tudu yake jin magana. Ya yi murna, ya sa albarka, ya ce zai shigo ranar Talata. Daren Litinin aka yi ruwan farko mai ƙarfi, Talata ya bugo ya ce ƙasa ta jiƙa, in bai yi shuka yanzu ba ya yi asarar shekara, a ba shi zuwa Asabar. Ban ga laifinsa ba, shi ma abincin iyalinsa ne. Na je Ƙofar Gayan da kaina na samu mahaifiyar Fa'iza, na ce mata an yi magana, manya na tafe, a ƙara mana ko kwana uku. Ta ce min Batulu, shekara huɗu Alhaji yana jin ana tafe, yanzu ƙafa yake son gani a zaure. Fa'iza ta rako ni har bakin titi, da zan hau acaɓa ta ce min ta gaji. Ban ba ta haƙuri ba, don ban ga da wace fuska zan ba ta ba.

Asabar ta zo, mutumin Giwa bai zo ba, wayarsa ma ba ta shiga. Na roƙi Baba ya tura ko liman ne, ko wani abokinsa. Ya ce ba a tura bare alhali dangi na raye, za a ce an raina mutumin, kuma tsakanin mutanen kirki kwana ɗaya ko biyu ba ya ɓata magana. Yaya yana zaure yana jin mu. Bai sa baki ba, ya riga ya yi maganarsa ta shekara tara ranar Juma'a, ba shi da wata. Lahadi watan ya cika. Da yamma na kira Fa'iza, wayarta a kashe. Yaya ya ce wataƙila ba su da wuta ne, unguwarsu ta kwana biyu a duhu.

Litinin da sassafe na dawo Kusfa, don zaman gidana ya gagare ni. Na tarar da abin da ban taɓa zato ba. Baba ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya sa an sayo goro da alewa. Ya ce wa Inna ya kwana yana tunani, zai je da kansa, duk abin da mutane za su ce su ce. Ya biya ya ɗauki wani abokinsa na masallaci, suka tafi a ƙafa. Da zai wuce ta zaure Yaya ya miƙe tsaye, Baba ya wuce bai dube shi ba, amma na ga ya rage sauri. Yaya ya koma ya zauna, ya ɗauki riga. Yana azumi, Litinin ce. Na zauna kusa da shi ina ta zuba surutu don lokaci ya wuce, har ya miƙo hannu ya murɗa kunnena.

Ana gab da kiran Azahar Baba ya dawo shi kaɗai. Rana ta dake shi, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ƙunshin goron yana hannunsa, amma ya ɓoye shi a cikin hannun riga, ni da ke ta gefen ƙofa na gani, Yaya bai gani ba. Maimakon ya wuce ciki yadda ya saba, sai ya tsaya a tsakiyar zaure, ya ce in ɗebo ruwa a randa. Na kawo a kofin silba na miƙa masa, na ɗauka shi zai sha. Ya karɓa, ya taka har gaban Yaya, ya miƙa masa.

"Sha."

"Baba, ina azumi."

"Na sani. Ni na ɗora maka, ni na sauke. Sha."

A karatun da muka taso da shi, wanda ya ɗauki azumin nafila ba ya karya shi da gangan, sai in iyaye ne suka umarce shi don tausayi. Yaya ya san wannan fiye da ni. Ya karɓi kofin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shanye tas, ina jin ruwan na wucewa ta maƙogwaronsa. Ya goge baki da bayan hannu. Fuskarsa ta washe, irin yadda na san ta a da, ya dubi Baba ido da ido ya tambaya ko sun sa rana.

Baba ya ce min in shiga ciki. Ban shiga ba, shi ma bai sake cewa ba. Ya lallaɓa ya zauna a ƙasa, a kan tabarmar Yaya, da rigar Juma'arsa da rawaninsa, ya fito da ƙunshin goron ya ajiye a tsakaninsu.

"Jiya bayan La'asar suka karɓi na wani. Mahaifinta ya jira mu har Azahar. Laifina ne, ba naka ba."

Yaya ya dubi goron, ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Allah Ya ba su zaman lafiya. Baba ya ce amin. Daga masallaci aka fara kiran salla, ba wanda ya motsa a cikinsu. Can Yaya ya jawo rigar da yake aiki ya shimfiɗa a cinya, ya ga zaren ya fita daga allura. Ya lashi bakin zaren ya gwada, bai shiga ba. Ya sake gwadawa, ya sake, zaren ya ƙi shiga. Sai ya miƙo min allurar da zaren, bai ɗago ba.

"Batulu, zura min."